Daga Oloumi Zuwa Lopé: Kwana Huɗu Gidanmu Yana Bisa Taya

Mu ƴan kasuwa babu wanda ya kai mu tafiya, kuma babu wanda ya kai mu rashin ganin gari. Ka tare kowane ɗan'uwa a Oloumi ko Mont-Bouët, zai lissafa maka Kwatano, Lome, Duwala, Dubai, wani har ƙasar Sin. Amma ka ce ya kwatanta maka garin, sai ka ji masauki, da layin dillalai, da ofishin masu aika kaya. Haka zamanmu yake da Gabon ɗin ma. Shekarata 26 a Librebil ina sayar da atamfa da shadda. Hanyar arewa zuwa iyakar Kamaru kuwa na bi ta ba adadi, sai dai yawanci cikin dare, ido a kan kaya, hannu a kan takardu.

Abin da ya tayar da wannan tafiya yara ne. Babban ɗana ya gama lise, zai tafi Yamai karatu a Jami'ar Abdou Moumouni. Autata kuma shekararta 13. Dukansu a nan aka haife su, Maradi sau ɗaya suka taɓa zuwa, suna ƙanana. Tsakaninsu Faransanci suke yi, sai in mun yi magana su amsa da Hausa. A makaranta ana ce musu baƙi, a gida kuma dangi na ce musu ƴan Gabon. To yaron da zai sauka Yamai a matsayin ɗan Gabon, in abokai suka ce ba mu labarin ƙasarku, me zai ce? Abin da ya sani shago ne, da taksi, da bakin teku ranar Lahadi.

Shi ne ya nuna mini a waya irin abin da Turawa ke yi a Amurka. Suna da mota mai ɗaki, da gado da murhu da bayi duk a ciki. In kaka ta yi, zafi ya ragu, ganye ya koma ja da rawaya, sai iyali su ɗauke ta su bi gandayen daji ɗaya bayan ɗaya, su ajiye mota su hau duwatsu da ƙafa. Gandun dajinsu na Yellowstone tun 1872 aka kafa shi, wato sun daɗe da al'adar.

"Baba, mu ma ai muna da mota," in ji shi.

Yana nufin tsohuwar Hiace ɗin da muke ɗauko dila da ita daga tashar ruwa ta Owendo.

Hajiya ce ta fara yin tsaye. "Alhaji, daji kuma? Mutum ya bar gadonsa ya je ya kwana a mota kamar wanda aka kora daga haya?" Ni kuma lissafina daban: kwana huɗu ba na shago, ga kuɗin mai, ga abin da ba a sani ba. Amma na auna na ga in yaron nan ya tafi, Allah kaɗai ya san ranar da za mu sake zama mu huɗu babu mai saurin zuwa wani wuri. Na bar wa ƙanena shago, na kira kafinta.

Mun bar kujerun gaba da layi guda na baya. Sauran filin kafinta ya yi mana dandamalin katako, muka shimfiɗa katifa biyu a sama, ƙarƙashi kuma kaya: jarkokin ruwa, jarkar mai, tukunyar gas, shinkafa, garin rogo, kilishi, albasa, kayan shayi, tabarma, tocila. Taya biyu na ajiya a kan rufi, da tamfol da za mu ɗaura a gefen mota mu maza mu kwana ƙarƙashinsa. Gidan sauro biyu. Shi ke nan motarmu mai ɗaki.

Lokacin da ya dace

A Gabon babu kaka irin ta Turawa, babu irin tamu. Abin da ke akwai shi ne babban rani, daga Yuni zuwa Satumba: ruwa ya ɗauke, sama ta yi toka-toka, iska ta yi sanyi. Wato lokacin da ake marka a Maradi da Katsina, gero yana fitar da kai, nan ƙasa bushewa take yi. Daga ƙarshen Satumba ruwa yake dawowa, hanyar burji ta koma taɓo. Saboda haka muka tashi a makon ƙarshe na Agusta, yara suna hutu, hanya tana tsaye.

Gabon tana da gandun daji 13. Shugaba Omar Bongo ne ya kafa su gaba ɗaya a 2002, bayan wani Ba'amurke mai suna Mike Fay ya ratsa kurmi da ƙafa daga arewacin Kwango har bakin tekun Gabon, sama da kilomita 3,000, daga 1999 zuwa ƙarshen 2000. Sun cinye kusan kashi 11 cikin ɗari na ƙasar. Mu Lopé muka zaɓa, don mota tana kai wa, kuma ɗana ya ce akwai abin da yake so in gani a can.

Hanya

Mun bar Oloumi bayan asuba, don mu riga cunkoson PK. A wajen PK27 muka wuce Nkok, inda masana'antun katako suke. Tun da gwamnati ta hana fitar da gungume ɗanye a 2010, a cikin ƙasa ake yanka shi, shi ya sa za ka yi ta gamuwa da tireloli ɗauke da okume. In ka hango ɗaya a kwana, ka ba shi hanya tun da wuri.

Bayan Ntoum, a Kougouleu, hanya ta rabu zuwa duwatsun Monts de Cristal, wanda shi ma gandun daji ne. Ɗana ya ce a can madatsun ruwan Kinguélé da Tchimbélé suke, waɗanda ke ba Librebil wuta. Hajiya ta ce, "Ashe nan ne gidan su wutar da muke yi wa faɗa in ta ɗauke." Muka haye gadar kogin Komo a Kango. Gaba kaɗan sai ga allon da ke nuna layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Sau nawa na wuce allon nan a cikin duhu? Wannan karon muka tsaya, auta ta sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can, wanta ya ɗauke ta hoto.

A Bifoun hanya ta sake rabuwa, dama Lambaréné, hagu Ndjolé. Muka bi hagu. Shingayen jami'an tsaro suna nan kamar yadda kuka sani. Takardun mota da katin zama na kowa na haɗa su cikin jaka guda a gaban mota. A wani shinge jami'in ya leƙa ya ga katifa da tukunya, ya tambaya ƙaura muke yi? Ɗana ya ce yawon buɗe ido za mu Lopé. Ya dube ni da hulata da rigata, ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin Alhaji ɗan yawon buɗe ido ba. Ya miƙo takardu ya ce a gaida giwaye.

Ndjolé tana bakin kogin Ogooué, sama da kilomita 200 daga Librebil. Duk direban da ke bin arewa ya san ta da gasasshen naman da ake kira kupe-kupe. Mai naman da muka tsaya wurinsa Bahaushe ne. Da na tambaye shi daga wane gari, sai ya ce shi ɗan Oyem ne, kakansa ma a can aka binne shi. Hausawan Oyem da Bitam da Minvoul sun haura shekara ɗari a ƙasar nan, fatauci ya kawo kakanninsu ta Kamaru. Na lura ɗana ya yi shiru yana saurarensa, Hausa tas, Faransanci tas, kuma da ya juya wajen wata mai saye sai ya koma yaren Fang. A kofar gidansa muka ajiye mota muka kwana daren farko.

Washegari muka kai Alembé. Nan kwaltar arewa ta wuce zuwa Mitzic da Oyem da Bitam, hanyar da na sani. Mu kuwa muka karya dama, muka hau burji. Kusan kilomita 100 ne zuwa Lopé, amma ka ba su rabin yini. Jar ƙura, ramuka, ƙananan gadoji da sai ka sauka ka duba kafin ka hau. Taya ɗaya ta fashe mana tsakar kurmi, inda babu sabis a waya. Muna cikin canzawa sai ƙananan ƙwarin nan da ake kira furu suka sauko mana. Ba ka ganinsu sosai, sai ƙaiƙayi. Mai zuwa ya sa riga mai dogon hannu, ya rufe ƙafa.

Kurmi ya yi ta rufe mu hagu da dama, har mutum ya manta akwai nesa a duniya. Can bayan la'asar, ba sallama, sai itatuwa suka ja baya. Fili! Tuddai masu ciyawa, ɗaya bayan ɗaya, har inda ido ya tsaya, ga sama a buɗe. Na taka birki ban san na taka ba. Hajiya ta ce, "Kai! Alhaji, kamar hanyar Dakoro." Ɗana yana ta murmushi, ashe abin da yake so in gani ke nan.

Lopé

Dalilin filin nan a tsakiyar kurmi shi ne ƙarancin ruwa. Duwatsun Chaillu suna tare hadarin da ke tasowa daga teku, sai Lopé ta riƙa samun kusan milimita 1,500 a shekara, alhali Librebil tana kusantar 3,000. Mu dai mutanen Maradi da ke godiya in mun sami 500, wannan ma ambaliya ce a wurinmu. Filin ragowar wani zamani ne da duniya ta yi sanyi da fari, shekaru dubbai da suka wuce. Da za a bar shi, kurmi zai cinye shi a hankali, shi ya sa ma'aikatan gandun ke sa wa ciyawar wuta kowane rani. Mun tarar wasu wurare baƙi ƙirin da toka, wasu har sun fara tofo, kore shar.

An fara killace dajin tun 1946, girmansa ya kusa murabba'in kilomita 5,000, kuma a 2007 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Gabon. Ƙauyen Lopé kansa ƙarami ne: tashar jirgin ƙasa, ƴan shaguna, ƴan masaukai. Jirgin Owendo zuwa Franceville yana tsayawa a nan, haka ma dogayen jiragen da ke ɗauko ma'adinin manganiz daga Moanda suna wucewa, ka ƙirga taragu har ka gaji. Ba a shiga cikin gandu sai da izinin hukumar ANPN da ɗan jagora. Mun shirya da wani matashi ɗan yankin, muka kuma nemi izinin ajiye mota a harabar wani masauki, muna biyan kuɗin ruwa da bayi.

Da sassafe muka nufi dutsen da ake kira Mont Brazza, sunan Savorgnan de Brazza, wanda ya bi kogin nan daga 1875 yana share wa Faransa hanya. Daga ƙasa dutsen ba ya ba da tsoro, tudu ne mai ciyawa da eriya a kansa. Amma ka fara hawa ka ji. Babu inuwa ko ta kwabo, tsakuwa tana zamewa. Mutumin da ya shekara yana zaune a kan benci yana auna yadi, ƙirji ya fara faɗa masa gaskiya. Yara sun yi gaba da ɗan jagora. Hajiya ta ɗaure zani ta riƙe sanda, tana tafe tana tsayawa, tana cewa, "Alhaji, wa ya aike mu?" Ni kuma ina cewa saura kaɗan, alhali ban san saura nawa ba. Sama da awa guda muka yi.

Daga sama komai ya shimfiɗu. Ga Ogooué, ruwa ya ja baya saboda rani, duwatsu da yashi sun fito a tsakiyarsa. Ga layin dogo kamar zare. Ga fili da kurmi sun shiga juna kamar zanen atamfa, baƙi inda aka ƙone, rawaya inda ba a ƙone ba, kore a cikin kwaruruka. Muka shimfiɗa tabarma, na zuba shayi daga fulas.

Auta ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, haka garinmu yake?"

Na ce faɗin saman dai iri ɗaya ne, da yadda iska ke kaɗa ciyawa. Amma da a ce gida ne, da yanzu kina ganin gero ya fi tsawonki, da gawo a tsakiyar gonaki, da rumbuna a bayan gari, da Bafulatani da shanunsa. Nan kuwa ko akuya babu, ƙudan tsando ba ya barin dabbar gida ta yi ƙarko. Ta ce in sake faɗin sunayen itatuwan. Na faɗa mata: gawo, kalgo, aduwa, kuka, magarya. Tana maimaitawa tana rubutawa a waya. Shekara nawa ina ba su labarin gida a cikin ɗaki mai fanka, yana shiga ta nan yana fita ta can. Yaron da bai taɓa ganin fili ba, me zai ɗora labarin a kai?

Sai wanta ya karɓe. Ya nuna mana inda kogin ya matse tsakanin duwatsu, wurin da ake kira Ƙofofin Okanda. Ɗan jagora ya ƙara da cewa Lopé kasuwa ce tun kafin Turawa su kafa mulki. Mutanen Okandé gwanayen kwale-kwale ne, su ke da wannan yanki na kogin. Fatake daga ƙasa suna hauro da gishiri da tufafi da bindigogi, su koma da hauren giwa da danƙo, har da bayi, abin da ba a so a tuna amma ya faru. Na ce ashe ba mu ne farkon masu kawo yadi ƙasar nan ba. A kan duwatsun yankin akwai zane kusan 1,800 da mutanen da suka sassaƙa, da'irori da ƙadangaru da wuƙaƙe, ga kuma ramukan da suka narka ƙarfe sama da shekara 2,000 da suka wuce. Ni na ba su gida, shi ya ba ni Gabon, a kan tabarma guda.

Giwa da mai gona

Da yamma muka shiga gandu a motar ɗan jagora. Mun ga ɓauna, jajaye, ƙanana bisa ga irin ta arewa, sun taru a kan sabon tofo. Birin nan mandiril mai jan hanci da shuɗin kumatu, wanda Lopé ta yi suna da shi har an taɓa ƙirga sama da 1,000 a garke guda, ba mu gan shi ba, sai sawu. Dab da magariba giwa ta fito daga bakin kurmi da ɗanta a gefe. Ɗan jagora ya kashe mota ya ce kowa ya yi shiru. Ta ɗaga hanci ta shinshina iska, ta ci gaba da kiwonta. Hajiya da ke tambayar wa ya aike mu, ita ce ta ce a ɗan ƙara jira.

Cikin dare kuma labari ya canza. Karnuka suka kama haushi, muka ji ana kaɗa gwangwani da ihu daga bayan gari. Ni da ɗana muka tattara muka shige mota, mu huɗu muka cunkushe har gari ya waye. Da safe matar da ke share harabar ta ce giwaye ne suka shiga gonar ƴar'uwarta, rogo da ayabar da aka yi wata da watanni ana jira, dare ɗaya suka tashi aiki. Doka ta hana kashe giwa. A wasu ƙauyuka an kewaye gonaki da waya mai lantarkin hasken rana, amma ba kowa ya samu ba. Ta ce, "Ku kuna biya ku gan ta, mu muna biya don ta gan mu."

Giwar ma tana da nata uzuri. Wani bincike da aka buga a 2020, daga bayanan da tashar bincike ta Lopé ta tara, ya nuna ƴaƴan itatuwan kurmin sun ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1986 da 2018, giwaye kuma sun rame. Masu binciken suna danganta abin da ɗumamar yanayi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan shari'ar: in kiwo ya ƙare, gona ce ke biya. Tun daga ranar, in na ga tsadar ayaba da rogo a kasuwa, ina tuna matar nan.

Ga mai niyya

Mun dawo ta hanyar da muka je, a yini guda mai tsawo, mota ja wur, mu ma haka. Ga abin da zan ce wa ɗan'uwa mai son gwadawa. Ka tafi tsakanin Yuli da tsakiyar Satumba. Ka cika tanki a Ndjolé, ka riƙe jarka. Kada ka bi burjin da dare. Ka tafi da abincinka, don naman daji ya yi yawa a tukwanen hanya, sai kifin kogi da ba shi da matsala. Ka kwana cikin gari, da izinin masu wuri, kada ka yada zango a fili don ka ga ya yi maka kyau. In motarka ba za ta iya ba, jirgin ƙasa daga Owendo yana sauke mutum Lopé.

Wanda kuma ba zai iya barin shago kwana huɗu ba, akwai na kusa. Kurmin Raponda-Walker yana kan hanyar Cap Estérias, a je da safe a dawo da yamma. Gandun Akanda yana nan arewa da birni. Pongara tana tsallaken ruwa ta Pointe Denis, inda manyan kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Lahadi guda ta isa.

Mun zo ƙasar nan neman abinci, mun kuma samu, alhamdu lillahi. Amma ƴaƴanmu ba neman abinci ya kawo su ba, nan suka buɗe ido. In muka tsare su tsakanin shago da gida muna jiran ranar komawa, za su girma ba su san can ba, ba su san nan ba. Ɗana ya tafi Yamai a watan Oktoba. Ya bi ta Maradi ya yi mako guda wurin kakarsa, ana tsakiyar girbin gero. Hoton farko da ya turo wa ƙanwarsa na wani itace ne a tsakiyar gona, babu ganye sosai, ya rubuta yana tambaya ko shi ne gawo. Ta kawo mini waya da gudu. Na duba na ce shi ne.